Kyamara a Kan Gungumen Kili

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, na da da waɗanda suka shigo yau. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa ruwan ido ne yake damuna, in karɓi Mu'awiyya in huta tunda yana da mota. Na gode, 'yar'uwa. Ki gyara zama ki karanta na yau har ƙarshe. Idan kin gama kina ra'ayinsa, lambarsa tana nan a wayata, ban goge ba tukuna.

Ga sababbin zuwa, sunana Nana Firdausi, 'yar Malam Muhammadu Lawal mai karantar da littattafai a zaurensa a cikin garin Makarfi. Shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare, kuma a wurin dangi na daɗe da zama abin tausayi. Mu'awiyya kuwa ɗan Ikara ne, yana da shagon wayoyi, wata bakwai ke nan yana zuwa zance gidanmu. Ba zan ɓoye muku ba, yana da kyau daidai gwargwado, kuma ya fi kowa sanin hakan.

Baba ba mai tilasta wa mutum ba ne. Ranar Asabar da ta wuce ya kira ni bayan ya sallami ɗalibansa, ya ce baffannin yaron nan sun aiko za su zo tambaya ranar Juma'a bayan la'asar. Bai ɗago daga littafin da ke gabansa ba ya ce, "Idan kina da magana, ki faɗe ta kafin a buɗe goro. Bayan an buɗe, maganata ce ta fita, ba taki ba." Na ce to, na tashi. Wadda ta ɗauki auren nan a ka ita ce ƙanwarsa, Gwaggo Rashida, domin mahaifiyar Mu'awiyya ƙawarta ce tun suna 'yammata. Tun ranar ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu, kullum da sabon wa'azi a kan yarinyar da ta cika zaɓe.

To ku ajiye wannan a gefe, ku ji abin da ya haɗa ni da kyamara.

Kakana na wajen Mama, Malam Inuwa, a Gubuchi yake, kuma mazarkwaila ce sana'arsa tun kafin a haifi Mama. Har yanzu da doki yake matse rake. Injin ƙarfe ne a tsakiyar fili, da wani dogon gungume a kansa, a ɗaure ƙarshen gungumen a jikin doki, yana zagayawa injin yana matsa, ruwan rake yana tsiyaya ana kwasa zuwa kasko. Dokin fari ne, tsoho, Kili muke ce masa. A bayansa na koyi zama a kan doki, kuma a gindin kaskon nan na ƙona harshena ba sau ɗaya ba. Bana kawunnaina suka sayo injin mai shan fetur, suka ce wahalar ta isa haka. Kaka bai yi musu ba, sai dai ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya yi matsar ƙarshe da Kili ranar Laraba.

Da na ji, raina ya sosu. Na ce ko ba komai zan ɗauki ranar nan a bidiyo, don jikokin da ba a haifa ba su ga yadda ake yi. Wayata kuwa kun san halinta, minti uku ta ce ta cika, hannuna kuma ya yi ta rawa. Sai na tuntuɓi ƙawata Khairunnisa ta Kudan, wadda take ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata. Ta turo mini saƙon murya mai tsawo, tana yi tana soya manja ina jin ƙarar. Ta ce irin aikin nan na fili, ga hayaƙi ga motsi, ƙaramar kyamarar nan da masu babur suke maƙalawa a hula ita ce daidai. Kada in bi manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, tunda ni 'yar koyo ce. In tabbatar tana hana hoto girgiza, in haɗa da batir na biyu da maƙali mai matsewa wanda zai kama itace ko ƙarfe. Abin da ta fi nanatawa shi ne memori. Ta ce in sayi na asali mai sauri ko da ƙarami ne, don na jabu yana yi maka dariya ne har sai ranar da ka fi buƙatarsa. Wajen tacewa kuma in sauke manhaja ta kyauta mai sauƙi a laftof ɗina, wadda ba ta buga tambarinta a fuskar mutane, in koyi yankewa da haɗawa kawai, sauran kwalliya ta jira.

Da na tsaya a nan, da lafiya lau. Amma bakina bai iya shiru ba, na faɗa wa Mu'awiyya.

Jama'a, cikin minti goma mutumin nan ya zama darakta. Saƙo yana bin saƙo:

"Bebi ki bar komai a hannuna."

"Wannan layina ne. 4K za mu yi."

"Ki ce wa ƙawar taki ta tsaya a kamun amarya."

Na rubuta masa cewa na sha faɗa masa ba sunana Bebi ba. Ya turo hoton fuska mai dariya guda biyar.

Ranar Litinin muka shiga Zariya ni da Khairunnisa, na sayo 'yar kyamarata, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, da batir biyu da maƙali da memorin da ta zaɓa da hannunta. Da yamma sai ga Mu'awiyya ya zo zance cikin shadda ruwan toka mai maiƙo, hula an kafa ta a gefe, turare tun daga bakin layi, ga kwali ya rungumo. Gwaggo da kanta ta shimfiɗa masa darduma a soro, ta kawo zoɓo a jug ɗin da ba a taɓa ba ni ruwa a ciki ba. Ya zazzage kwalin a gabana. Kyamara mai tsada, madaurin goshi, madaurin ƙirji, sanda mai miƙewa, wani kwanson roba na shiga ruwa, har da abin da ke sa ta yi iyo idan ta faɗa teku. Na tambaye shi wane tekun ne a Gubuchi. Ya ce ƙwararre ba ya fita da rabin kaya.

Na nuna masa tawa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya juya, ya ce idan muka haihu za a ba yaro ya yi wasa da ita. Na tambayi memorinsa, ya ce daga shagonsa ya ɗauko, mai cin bidiyon wata guda, kuma a arha yake sayar da su kamar ƙosai. Na faɗa masa abin da Khairunnisa ta ce. Ya gyara hula ya yi mini bayanin minti ashirin a kan cewa duk memori a masana'anta ɗaya ake yin su. Manhajar tacewa ma ya ce tasa ta 'yan fim ce, an ba shi a ɓoye. Daga baya na gane ko buɗewa ba ta yi a laftof ɗinsa.

Laraba da hantsi muka kama hanyar Gubuchi a motarsa, Gwaggo a gaba ta baje mayafi, ni a baya da jakata. Na sa doguwar rigar atamfa da hijabi ruwan ƙasa, don na san inda za ni. Shi kuwa farin kambas ya sa, da farin wando, da wata 'yar shara mai aljihu ko'ina, da baƙin tabarau. Za a je wurin toka da danƙon rake, mutum ya yi shigar zuwa filin jirgi. Gwaggo ta ce tubarkalla, yaron nan ya iya sa kaya.

Mun tarar aiki ya kankama. Ƙamshin ruwan rake da ke tafasa ya cika unguwar, an tara rake kashi-kashi, busasshiyar tuƙar raken da aka matse tana ci a ƙarƙashin kasko, Kili yana zagayensa a hankali, kai a ƙasa. Kaka yana tsaye da dogon ludayinsa yana kwashe kumfa, rigarsa duk ta yi baƙi. Yana hango ni ya washe baki ya ce ga amaryarsa ta zo, kuma ga ɓarawon da zai raba su ta kawo masa har gida. Kun san wasan jika da kaka.

Mu'awiyya ya durƙusa ya gaishe shi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, gaisuwa ta yi tsawo yadda ya kamata. Sai dai da kyamara a ɗaure a goshinsa ya yi ta, jar fitilarta tana ƙiftawa a fuskar tsoho. Kaka ya dube ta ya dube ni, ya tambaya ko ciwon kai yaron yake yi. Na juya baya don kada dariyata ta fito.

Daga nan aka shiga fim. Mu'awiyya ya ce "kat", wato a tsaya, ya fi sau talatin. Ya tsayar da Kaka yana tsakiyar juya kasko, wai ya sake, hasken bai yi ba. Ya ce a matsar da tulin tuƙa, yana ɓata masa hoto. Ya ce Kaka ya yi murmushi irin na mutanen karkara. Ban san akwai shi daban ba sai ranar. Kaka kuwa abin da aka ce ya yi shi yake yi, yana satar kallon kaskonsa kada ya kama. Rabin lokacin kuma sandar a miƙe take tana kallon fuskar darakta, yana yi wa mabiyansa bayanin al'adun gargajiya, alhali ko sunan ludayi sai da ya tambaye ni.

Sai ya ce zai ɗauki tafasar daga kusa, kuma don kada tururi ya taɓa masa kaya, ya kulle kyamarar a cikin kwanson shiga ruwa ya kanga ta a bakin wuta. Na ce masa za ta yi zafi, ba ta da inda za ta sha iska. Ya ce in bar ƙwararru su yi aiki. Ba a yi minti shida ba ta yi wani ɗan kuka ta mutu. Ya buɗe, ya hura, ya yi mata fifita da hularsa, ya koma inuwar mangwaro yana zagin masu haɗa ta.

Ni dai tun zuwanmu ban samu inda zan tsaya ba, duk inda na ɗaga 'yar tawa sai ya ce na shiga masa hoto. Da na ga an ɗauko kashin rake na ƙarshe, sai na canza batir, na je na matse maƙalin a ƙarshen gungumen, daidai saman bayan Kili, fuskarta tana kallon waje. Na ce tunda ranarsa ce, bari a ga wurin yadda shi yake ganinsa. Mu'awiyya ya hango daga inuwa ya ce juwa kawai za ta ɗauko mini. Na danna, na bar ta, na koma taya Kaka jera ƙananan kwanonin da ake zuba mazarkwaila ta daskare.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan maganar take. Kaka yana da al'ada. Curin farko da ya fara daskarewa a ranar matsa ba ya sayar da shi, kuma ba ya ba yara. Mutum ɗaya yake ba wa, wanda yake ganin girmansa. Wata rana liman, wata rana mai jego, wata rana baƙon da ya zo daga nesa. Shekara hamsin yana haka. Wannan kuwa shi ne curin farko na ranar ƙarshe, kowa a wurin ya zaci zai ajiye abinsa. Sai ya kife kwanon a tafinsa, curin ya faɗo da ɗuminsa, ja wur, ya taka har gindin mangwaro ya miƙa wa Mu'awiyya da hannu biyu.

"Karɓi, ɓarawona," in ji shi. "Tunda ka ƙwace mini mata, ka haɗa da wannan."

Mu'awiyya ya durƙusa ya karɓa, ya yi godiya har da su Allah ya ƙara girma. Ya ce bari ya zaga baya ya wanke hannu, irin wannan ba a ci da datti. Jim kaɗan ya dawo yana lasar leɓe, yana rantsuwa bai taɓa cin abu mai daɗinta ba, ko gutsure bai rage ba. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

Ga ikirarina, kuma ku yi mini dariya idan kun so. A lokacin nan zuciyata ta yi laushi. Na ce a raina, Nana, iyayi ne kawai da surutu, amma yana girmama tsohonki, me kike nema kuma? Da za mu tafi Kaka ya rako mu har mota, ya sa mana albarka, ya daɗe yana kallona kafin ya rufe mini ƙofa. Washegari Baba ya ce surukinsa, wato Kaka, ya yi masa waya, ya ce tunda Nana ce ta kawo yaron da kanta, shi ba shi da ta cewa. Na ɗauka yabo ne. Na je na faɗa wa Mama cewa ba ni da magana, su zo. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakar gida har kaji suka watse.

A ranar ne kuma darakta ya turo rahoton aikinsa:

"Bebi akwai 'yar matsala."

"Memorin ya ce babu komai a ciki."

"Amma na ceto minti tara."

Ya turo minti taran. Hancinsa ne daga ƙasa, da tabarau, da sararin sama, sai jelar Kili da ta gifta sau ɗaya. Ko haushi ban ji ba, na riga na yafe masa komai saboda curin nan. Ya ƙara da cewa in turo masa na 'yar wasan yaran tawa, ya ga ko akwai abin da zai iya gyarawa.

Jiya Juma'a, muna hutun makaranta, gida ya cika da hidima tun safe. Gwaggo ta sa an jiƙa shinkafar waina, ana yanka kaji, an wanke kulolin da ke saman kabad. An ajiye mini leshi ruwan hoda a kan gado, da mayafinsa, duk da ba wanda zai gan ni. Na samu kafa wajen ƙarfe sha ɗaya na shige ɗaki, na zare memori na sa a laftof, na buɗe manhajar da Khairunnisa ta koya mini.

Wallahi hoton ya fita. Babu girgiza, sai wani lilo a hankali daidai takun doki. Kunnuwan Kili ba su fito ba, amma komai na filin yana wucewa ɗaya bayan ɗaya: kasko da tururinsa, tulin rake, mangwaro, bayan rumfa inda ake zubar da jiƙaƙƙiyar tuƙa, sai kasko kuma. Duk zagaye ɗaya kamar rabin minti. Kyamarar nan idonta faɗi gare shi, tana kwaso har abin da ke gefe can. Sauti kuwa babu sai kukan injin da numfashin doki. Na ga kaina ina jera kwanoni, na ga Kaka yana share gumi da gefen rawaninsa. Hawaye suka taru mini, na ce ko iya wannan na samu ya isa.

A wani zagayen na ga Kaka yana miƙa curin. A na gaba, gindin mangwaro babu kowa, sai ga farin wando a bayan rumfa. Na rage gudun hoton, abin da aka koya mini shekaranjiya.

Yana tsaye, ya riƙe curin da yatsa biyu, yadda ya riƙe kyamarata. Ya shinshina. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Bai kalli doki ba, wa yake kallon doki? Sai ya wurga shi cikin tuƙa, ya sa farin kambas ɗinsa ya tura wata a kai. Hoton ya wuce zuwa kasko.

Na zauna ina jira Kili ya zagayo, kamar zai zo mini da wani labarin daban. Da ya zagayo, mutumin yana matsa wani ruwa daga 'yar kwalba yana murza hannunsa, yatsa bayan yatsa, har da hannun da ya gaisa da Kaka. A zagaye na uku yana gaban Gwaggo yana lasar leɓe, ni kuma ga ni a gefe ina murmushi kamar sakarya.

Tsaki na ja da farko. Na ce ƙarya ce dai irin tasa, wadda na saba. Idan ba ya son zaƙi ai sai ya sa a aljihu, aljihu fiye da goma gare shi. Na kai kibiya kan almakashin manhajar, na yanke wurin, na haɗa bakin. Na kalla, ya tafi sumul, ba wanda zai san an cire wani abu. Na ce shi ke nan, an wuce wurin, na ci gaba da kallo.

Zagaye goma sha wani abu bayan nan, lokacin muna can muna loda kayan darakta a mota, sai ga Kaka a bayan rumfa shi kaɗai. Bai yi dube-dube ba, bai nema ba. Kai tsaye ya tafi wurin, ya sunkuya da ƙyar yana dafe da gwiwa, ya ɗage tuƙar ya ɗauko curin. Ya hure shi, ya goge a gaban rigarsa. Hoton ya wuce. Da ya dawo, sai lilon ya tsaya cak, don an tsayar da dokin. Ban ga Kili ba, tunda kyamarar tana bayansa, amma na ga kafaɗar Kaka a gefen hoton, na kuma ji ƙarar haƙoran doki yana gurgurar abu mai tauri. Ya daɗe a tsaye a wurin. Daga nan ya goge hannunsa, ya nufo mota ya sa mana albarka.

Na mayar da abin da na yanke. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba kunyar Mu'awiyya ba, tawa.

Baba ya riga ya fita masallaci tare da ɗalibansa. Na ɗauki laftof na sami Gwaggo a gindin tanda, na ce ta kalla. Ta kalla da ido ɗaya tana juya waina, ta taɓe baki.

"To shi ne me? Yaro mai tsafta ne, bai saba da kayan ƙauye ba."

"Gwaggo, rantsuwa ya yi ya cinye."

"Kara ce ya yi wa tsoho. Ke yanzu mazarkwaila ce za ta hana ki aure, kina shekara ashirin da shida? Ki goge shirmen nan ki je ki yi wanka."

Mama tana gefe tana yanka albasa. Ta ga mahaifinta ya sunkuya a cikin tuƙa, sai wuƙar ta tsaya a hannunta.

Na koma ɗaki na kira wayar kawuna, na ce a kai wa Kaka, na same shi yana shirin masallaci. Muka gaisa, ya tambayi Baba da Mama da ɗalibai da gajiyar hanya. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Kaka, ashe ka gani."

Ya yi 'yar dariya.

"Kili ya ji daɗinta, amarya. Shi kam da gaske bai rage ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ke kika kawo shi. Na ga yadda kike kallonsa da ya dawo." Ya ja numfashi. "Na ce idan ke za ki iya zama da shi, curi ɗaya ba zai sa in ɓata miki ba."

Ya ce ana kiran salla, ya sa mini albarka ya miƙa wayar.

Na yanko zagaye ukun nan kaɗai, ban haɗa da na Kaka ba, wannan ba na idonsa ba ne. Na tura wa Mu'awiyya, tunda ya ce in turo ya ga abin da zai iya gyarawa. Ba a buɗe ba sai wajen ƙarfe biyu da rabi. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Kuma ku ji wautata, har a lokacin ina jira. Da ya ce ya yi kuskure, da ya ce zai koma Gubuchi ya durƙusa ba kyamara a goshi, ban san abin da zan yi ba. Sai saƙon ya shigo, kalma uku:

"Wa ya gani?"

Na rubuta masa, "Wanda ya ba ka. Tun kafin kyamara." Na kife wayar a kan leshin da ke gado.

Ina nan zaune na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba. Ashe baffannin nasa a Makarfi suka yi Juma'a, suka haɗu da Baba a masallaci, suka biyo shi. Tsakar gida ta rikice, Gwaggo tana ta cewa a miƙo tire, a ɗauko kofunan gilashi. Ban taɓa leshin ba. Hijabina ruwan ƙasa na zura, wanda har yanzu yake ƙamshin hayaƙin tuƙa, na fito. Gwaggo ta tare ni ta kama hannuna, tana magana ƙasa-ƙasa, wai ina za ni, so nake in kunyata ta a idon ƙawarta? Mama ce ta ajiye tiren da ke hannunta ta ce, "Rashida, sake ta."

A rayuwata ban taɓa zuwa ƙofar zauren Baba yana da baƙi ba. Ga takalman baƙi a jere a bakin ƙofa, ana ta gaisuwa a ciki, ta gefen labule kuma ina hango ƙunshin goro a tsakiyar tabarma, ba a kwance igiyarsa ba tukuna. Na tsaya a bayan labulen na yi sallama, muryoyin suka ɗauke.

"Wace ce?" in ji Baba.

"Nana ce, Baba. Ina da magana."